Darasi: Idan Gwamnati Ta Shiga Kasuwar Siminti da Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar da ake shimfiɗawa, ko gadar da ake ɗorawa, ya ga manyan motoci suna sauke siminti da rodi da tsakuwa. Abin da ido ba ya gani a wurin shi ne hayaƙin da kayan nan suka riga suka saki tun kafin su baro masana'anta. Yin siminti kaɗai yana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama a kowace shekara, narka ƙarfe kuma yana fitar da kwatankwacin haka. Iskar nan ita ce babbar mai ɗumama duniya, kuma ɗumamar ce ke dagula lokacin damina, ta tsananta zafi da ambaliya. A wannan darasi za mu duba wata dabara da wasu gwamnatoci suka ɗauka: su riƙa tambayar yawan hayaƙin da ke bayan kayan ginin da suke saye, su fifita mai ƙarancinsa. Ra'ayin da darasin ke karewa shi ne cewa dabarar tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato, matuƙar an fara ta da awo na gaskiya kuma ba a tsame siminti daga cikinta ba.

Sai an san yadda ake yin siminti kafin a gane inda gizo ke saƙa. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa shi tare da laka, a tura cikin wani dogon tanderu mai juyawa wanda zafinsa ke kaiwa digiri 1,450. Abin da ke fitowa wasu ƙwallaye ne masu tauri da ake kira kilinka, su ake sake niƙawa da ɗan jibsam a sami garin da muka sani a buhu. Hayaƙin yana fitowa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce makamashin da ake ƙonawa, kwal ko gas ko baƙin mai. Ta biyu, wadda ta fi girma, daga cikin dutsen kansa take: idan farar ƙasa ta ji wuta sai ta rabu gida biyu, sashe guda ya zama sinadarin da ake nema, ɗayan ya tashi sama a matsayin iskar kabon. Kowane tan na kilinka yana sakin kimanin rabin tan na iskar ta wannan ƙofa kaɗai, wato wajen kashi 60 cikin ɗari na duk hayaƙin masana'antar. Ma'anar wannan ita ce ko da an hura tanderun da makamashin da ba ya hayaƙi sam, fiye da rabin matsalar na nan daram. Hanya mafi kusa ta rage ta ita ce a rage yawan kilinka a cikin kowane buhu, a cike gurbin da wani abu mai kama jiki kamarsa. Duniya tana yin siminti wajen tan biliyan 4 a shekara, kusan rabinsa a ƙasar Sin, don haka ko ragi kaɗan a buhu ɗaya yana zama abu mai yawa idan an tara.

Ƙarfe kuwa hanyoyin yinsa biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Akwai wanda ake narkowa daga tama da gasasshen kwal, wanda kowane tan nasa ke fitar da kimanin tan 2 na iskar kabon. Akwai kuma wanda ake yi da tsofaffin ƙarafa, irin waɗanda 'yan gwangwan ke tarawa, a narka su da wutar lantarki. Hayaƙin wannan bai kai rabin na farkon ba, yakan kuma yi ƙasa sosai in lantarkin daga ruwa ko rana ya fito. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfen Amurka ta hanya ta biyu ake yinsa, yayin da kusan kashi 90 na ƙarfen Sin ta hanya ta farko ne. Rodi biyu za su iya zama kauri ɗaya, ƙarfi ɗaya, farashi ɗaya, alhali ɗaya ya ninka ɗaya a hayaƙi. Mai saye ba shi da yadda zai bambance su da ido.

To me ya sa gwamnati ce za ta yi wannan tambaya? Saboda babu mai sayen da ya kai ta. Hanyoyi, gadoji, madatsun ruwa, filayen jirgi, makarantu da asibitoci duk da kuɗin jama'a ake gina su, kuma su ne ke lashe babban kaso na siminti da ƙarfe a kusan kowace ƙasa. Magidancin da ke sayen buhu hamsin don ya yi wa gidansa katanga ba shi da bakin da zai gaya wa masana'anta ta canza tanderu. Ma'aikatar ayyuka mai sayen tan dubbai tana da shi. Sannan akwai batun jari. Sabon tanderu ko sabuwar tukunyar narka ƙarfe kuɗi ne mai yawa, kuma aba ce da za ta yi shekaru talatin ko arba'in tana aiki. Babu mai masana'antar da zai zuba irin wannan dukiya sai ya tabbata akwai mai sayen abin da zai fitar. A halin yanzu kuma dokar kwangila a ƙasashe da yawa tana cewa a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma tayinsa ya fi araha. Ƙa'ida ce mai kyau wajen toshe ƙofar almundahana, sai dai tana da wata illa da ba a yi nufi ba: wanda ya kashe kuɗi ya tsabtace masana'antarsa shi ne zai rasa kwangila, wanda ya bar hayaƙinsa yana tashi kyauta shi ne zai samu. Gwamnatin da ta yi shiru a kan hayaƙi a takardar kwangilarta ta riga ta zaɓi ɓangare, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara mayar da wannan tunani doka a ƙasar. Jiha ce da ta daɗe tana ɗora wa masana'antunta tsauraran ƙa'idojin hayaƙi, amma da ta tashi sake gina sashen gabas na gadar da ta haɗa San Faransisko da Oklan, wanda aka buɗe a 2013, manyan sassan ƙarfen gadar a Shangai aka ƙera su aka yo jigilarsu ta teku. Ƙungiyoyin ma'aikatan ƙarfe da masu kare muhalli, waɗanda ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, suka ga abu guda: jihar tana matsa wa masana'antun gida su rage hayaƙi, sannan ta kwashi kuɗinta ta kai wa waɗanda ba a tambayarsu komai. Ɗan majalisa Rob Bonta ya gabatar da ƙudiri, Gwamna Jerry Brown ya sa masa hannu a watan Oktoba na 2017, aka sami dokar da ake kira Buy Clean California, wato a sayi mai tsabta. Ta shafi kaya huɗu a gine-ginen jihar: ƙarfen ginshiƙai, rodin kankare, gilashin tagogi, da wani irin allo mai tare zafi da ake yi da zaren dutse.

Abin koyi a dokar shi ne yadda ta bi mataki-mataki. Ba ta fara da hani ba, da awo ta fara. A shekarar 2019 an roƙi 'yan kwangila su kawo wata takarda da masu sana'ar ke kira EPD, wadda ke bayyana yawan hayaƙin da aka saki wajen yin kowane tan na kayan, tun daga haƙo dutse ko tama har zuwa ƙofar masana'anta. Ana iya kwatanta ta da rubutun da ke jikin kwalin magani, mai faɗin abin da ke ciki da yawansa, kuma wani mai bincike na daban ne ke tantance ta, ba mai kayan ba. A 2020 kawo takardar ya zama dole. Sai a watan Yuli na 2022 iyakar ta fara aiki: duk kayan da hayaƙinsu ya haura adadin da hukumar sayayya ta jihar ta yanke, ba za su shiga aikin gwamnati ba. An yanke adadin ne daidai da matsakaicin abin da masana'antu ke fitarwa, dokar kuma ta ce a sake duba shi duk bayan shekara uku, a rage shi in da hali, amma ba a ƙara. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan tsarin, domin shi ke gaya wa mai jari inda aka dosa tun kafin a isa.

Amma dokar ta zo da giɓi babba, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Siminti da kankare ba sa cikin jerin. An cire su tun ƙudirin yana majalisa, bayan masu masana'antar sun nuna adawa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin a aikin hanya da gada babu abin da ake zubawa da yawa kamar kankare. Jihohin da suka biyo baya sun lura da wannan. Dokar da Kolorado ta yi a 2021 ta haɗa da siminti da kankare da kwalta har da katako, jihar Nuyok kuma a ƙarshen shekarar ta yi doka a kan kankare musamman. Rauni na biyu yana cikin tsarin iyaka kansa. Iyaka tana korar mafi ƙazanta ne kawai. Masana'antar da ta tsallake da ƙyar da wadda ta rage hayaƙinta da rabi duk ɗaya suke a idon mai ba da kwangila, don haka babu ladan wuce gona.

Holan ta bi wata hanya da ta toshe wannan rauni. A 2009 kamfanin ProRail, mai kula da layukan dogo na ƙasar, ya ƙirƙiro wani tsani mai matakai biyar. Ɗan kwangilar da ya nuna shaidar yana auna hayaƙinsa yana kuma rage shi yakan hau mataki, kowane mataki kuma yana ba shi rangwame a lissafi lokacin da ake gwada tayi da tayi, har zuwa kashi 10 cikin ɗari a matakin ƙoli. A ɗauka ya nemi miliyan 100: sai a lissafa tayinsa kamar miliyan 90 ne, in ya ci kuma a biya shi 100 ɗinsa cif. Hukumar hanyoyi da ruwa ta ƙasar, Rijkswaterstaat, ta ƙara da wata manhaja mai suna DuboCalc, wadda ke auna ɓarnar da kayan aikin za su yi wa muhalli ta mayar da ita kuɗi, a sa a sikeli tare da farashi. Kyawun wannan tsari shi ne gasa ba ta mutu ba, an dai ƙara mata ma'auni. Kowane tan na hayaƙi da ɗan kwangila ya rage yana ƙara masa damar cin aiki, saboda haka shi da kansa zai koma wurin mai siminti yana neman wanda ya fi. A ganin marubucin wannan darasi, haɗa hanyoyin biyu shi ya fi: iyaka ta kori na baya, rangwame ya ja na gaba.

Ƙorafi na farko da ake yi, kuma mai nauyi, shi ne tsada. Kuɗin jama'a ne, in ji masu wannan ra'ayi, kuma duk abin da aka ƙara a kan siminti an rage shi ne daga azuzuwa ko gadajen asibiti. Amsar tana da fuska biyu. Da farko, ragin farko-farko ba ya cin kuɗi, wani lokaci ma sauƙi yake kawowa, domin kilinka ita ce mafi tsada a cikin buhu, abubuwan da ake musanya ta da su kuwa, irin su tokar kwal daga tashoshin lantarki, da kashin ƙarfe daga masana'antar narka tama, da niƙaƙƙiyar farar ƙasa, sun fi ta araha. Na biyu, siminti yanki ne kawai na kuɗin aiki, sauran yana tafiya a fili, lada, injuna, sufuri da zane. A matsayin misali, in siminti ya ci biyar cikin ɗari na kuɗin wani gini, farashinsa kuma ya tashi da kashi ɗaya bisa biyar, duka ginin ya ƙaru ne da ɗaya cikin ɗari. Dole a yarda cewa lissafin yana canzawa inda ladan leburori ke da arha siminti kuma ke da tsada, kuma cewa ragi mai zurfi, irin na kama hayaƙi a binne shi a ƙarƙashin ƙasa, yana da tsada ƙwarai. Wannan dalili ne na a fara da abin da ke kusa, a kuma bayyana wa majalisa da jama'a nawa aka ƙara da abin da aka samu.

Ƙorafi na biyu ya fi taɓa zuciya: shin ba za a raunana gini ba? Duk wanda ya ga bene ya rufta da mutane yana da haƙƙin ya yi wannan tambaya. Sai dai akwai bambanci tsakanin magini mai ha'inci da ke rage siminti ya cika yashi, da masana'antar da ke haɗa sinadaran da aka gwada a ɗakin bincike. Rumawa sun gauraya tokar dutse mai aman wuta a kankarensu, kuma ƙubbar Pantiyon da suka gina a birnin Rum tana tsaye bayan kusan shekara 1,900. Kankaren da aka haɗa da kashin ƙarfe yakan fi jure gishiri, shi ya sa ake son sa a tashoshin jiragen ruwa. Abin da ke gaskiya shi ne irin wannan haɗi yakan yi jinkirin kama jiki. Al'adar injiniyoyi ita ce su gwada ƙarfin kankare a kwana na 28, shi kuwa wani lokaci sai a kwana na 56 yake nuna cikakken ƙarfinsa, kuma yana son a kula da ba shi ruwa. Nan ne gwamnati ke da aikin da ba ya bukatar ko sisin kwabo. Takardun kwangila da yawa suna rubuta mafi ƙarancin simintin da za a zuba a kowace mita, maimakon su rubuta ƙarfi da juriyar da ake so a samu, kuma wannan rubutu shi ke ɗaure hannun injiniya. Amurka ta ga amfanin kwance shi. Akwai wani siminti da ake haɗawa da farar ƙasa har zuwa kashi 15, mai rage hayaƙi da kimanin kashi 10, wanda Turai ta daɗe tana aiki da irinsa. Da hukumomin hanyoyi na jihohi suka amince da shi ɗaya bayan ɗaya, ciki har da ta Kalifoniya a farkon 2022, cikin 'yan shekaru ya zama shi ne mafi yawa a kasuwar ƙasar.

Akwai kuma masu cewa takardun awo za su danne ƙananan kamfanoni, ko su zama wata hanyar toshe wa kayan waje ƙofa da sunan muhalli. Duka biyun suna iya faruwa. Yin EPD yana cin kuɗi da ƙwarewa, shi ya sa dokar da majalisar Amurka ta yi a 2022 ta ware dala miliyan 250 don taimaka wa masana'antu su yi ta, ban da fiye da dala biliyan 4 da ta ware don sayen kaya masu ƙarancin hayaƙi a gine-gine da hanyoyi. Batun kariyar kasuwa kuwa, ba a ɓoye yake ba cewa masu ƙarfen Amurka sun goyi bayan dokar Kalifoniya ne domin sun san za ta amfane su. Ma'aunin adalci a nan shi ne ko ƙa'idar tana tambayar hayaƙi ne ko tana tambayar ƙasar da kaya suka fito. Matuƙar masana'anta a Indiya ko Masar za ta iya kawo lambobinta a auna ta da mudu ɗaya da ta gida, babu zalunci. Haɗarin da ya fi waɗannan shi ne lambobin ƙarya, domin tsarin gaba ɗaya a kan amincin mai tantancewa ya jingina. Inda za a iya sayen sa hannu, takardar ba ta da amfani.

Siyasa ma tana iya juya baya. Shugaba Biden ya kafa shirin sayen kaya masu tsabta na gwamnatin tarayya ta hanyar umarnin shugaban ƙasa a watan Disamba na 2021, Shugaba Trump ya soke umarnin a watan Janairu na 2025. Dokokin Kalifoniya da Kolorado, da yake majalisu ne suka yi su, sokewar ba ta taɓa su ba. Mai masana'antar da zai yi lissafin shekara talatin ba zai dogara da abin da alƙalami ɗaya zai iya gogewa ba, saboda haka irin wannan manufa doka take bukata.

Mai karatu a Najeriya ko Nijar ko Gana yana iya cewa wannan damuwar masu ƙoshi ce, tunda duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, kuma muna da ƙauyukan da har yau babu hanyar zuwa cikinsu. Maganar cewa laifin ba namu ba ne gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina gini. Amma yawancin gine-ginen da nahiyar za ta zauna a ciki ba a riga an yi su ba, tanderun da za a kafa yau kuma shi zai yi ta aiki har jikoki. Tun ran gini ran zane. Ga masana'antun siminti a Obajana da Ashaka da Kalambaina da Malbaza, ga kuma dokar sayayyar gwamnati ta 2007 a Najeriya, wadda ita ma a kan tayi mafi araha da ya cika sharuɗɗa ta ginu, ga alƙawarin da ƙasar ta yi a taron sauyin yanayi na Gilasgo na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Tokar kwal da kashin ƙarfe ba su da yawa a yankinmu, amma akwai yumɓu. Masu bincike a Lozan ta Suwizalan, tare da takwarorinsu na Kuba da Indiya, sun samar da wani siminti mai suna LC3: rabinsa kilinka, kashi 30 gasasshen yumɓu, kashi 15 farar ƙasa, kashi 5 jibsam. Yumɓun a digiri 800 ake gasa shi, ba ya kuma sakin iskar kabon daga jikinsa kamar dutse, don haka hayaƙin yana raguwa har da kashi 40. Gana, wadda ke sayo kilinka daga waje da kuɗin ƙetare, ta riga ta sami masana'antar gasa yumɓu a Tema, kuma abin da ya ja ta can har da lissafin aljihu. Irin farin yumɓun da ake bukata akwai shi a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauci, kuma ba sai mai daraja ta ɗaya ba. Kafin buhu ɗaya na irin wannan siminti ya shiga gadar gwamnati, sai hukumar kula da ingancin kaya ta rubuta masa ma'auni, sai kuma ma'aikatar ayyuka ta gyara layin da ke cikin takardar kwangilarta, ta nemi ƙarfin kankaren da adadin hayaƙinsa a maimakon sunan simintin da aka saba.